Equifax, 2017: yadda kutse ta ƙofa ɗaya ya kai ga rumbun bayanai 51

Ranar 29 ga Yulin 2017, ma'aikatan tsaron kwamfuta na kamfanin Equifax, mai hedikwata a birnin Atlanta na Amurka, suka sabunta wata takardar shaida ta dijital a kan na'urar da ke sa ido kan shige da ficen bayanai. Takardar ta daɗe da ƙarewa. Kwamitin majalisar wakilan Amurka da ya binciki lamarin daga baya ya ce wata 19 ta yi a haka. Muddin takardar ba ta aiki, na'urar ba ta iya buɗe bayanan da ke wucewa a kulle ta ga abin da ke cikinsu, sai dai ta bar su su wuce. Ana sabunta ta, idon na'urar ya buɗe, ma'aikatan suka ga ana wata zirga-zirga da ba su gane ba tsakanin ɗaya daga cikin manhajojinsu da wani adireshin intanet na ƙasar Sin. Washegari suka rufe manhajar. A lokacin masu kutse sun riga sun yi kwana 76 a ciki, tun daga 13 ga Mayu.

Equifax kamfani ne da ke tara tarihin bashin mutane. An kafa shi a 1899, kuma yana cikin manyan uku na Amurka tare da Experian da TransUnion. Bankuna da masu ba da katin bashi suna aika masa labarin wanda ya ci bashi, nawa ya ci, ya biya ko bai biya ba, shi kuma ya sayar wa duk mai son sanin ko mutum abin ba wa rance ne. Mafi yawan waɗanda sunansu ke cikin rumbunansa ba su taɓa hulɗa da shi ba, ba kuma a nemi yardarsu ba kafin a ajiye bayanansu. Da aka gama ƙirga ɓarnar, adadin waɗanda abin ya shafa a Amurka ya kusa miliyan 148. An kwashi sunaye da ranakun haihuwa na mutum miliyan 146.6, da lambar Social Security ta mutum miliyan 145.5, wato lambar da a Amurka take da nauyi irin na NIN da BVN idan an haɗa su a Najeriya. An kuma ɗauki lambobin katin biyan kuɗi kusan 209,000.

Labarin da ya fi yawo shi ne na facin da ba a yi ba, wato gyaran da ake sa wa manhaja don toshe wata kafa. Ranar 7 ga Maris 2017 aka bayyana wata kafa a cikin Apache Struts, wani tsari da ake gina manhajojin intanet a kansa, aka ba ta lamba CVE-2017-5638, aka kuma fitar da gyaranta. Ranar 8 hukumar tsaron kwamfuta ta gwamnatin Amurka ta aika wa Equifax gargaɗi. Ranar 9 aka tura saƙon imel ga ma'aikata sama da 400 cewa a yi facin cikin awa 48. Ranar 15 aka bi kwamfutocin kamfanin da manhajar bincike, ba ta gano komai ba. Duk da haka akwai manhaja ɗaya da ke aiki da Struts wadda ba a taɓa ba, sunanta ACIS. Ita ce wurin da jama'a ke shigar da ƙorafi idan sun ga kuskure a rahoton bashinsu, kuma asalinta tun shekarun 1970 ne. Lokacin da shugaban kamfanin, Richard Smith, ya bayyana gaban majalisa a Oktoban 2017, bayan ya sauka daga kujerarsa, ya jingina abin ga kuskuren mutum ɗaya da bai isar da saƙo ba da kuma manhajar binciken da ta gaza.

Duk wannan gaskiya ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo bayan shigar. Manhajar ƙorafi aikinta ƙarami ne. Rumbun bayanai uku kacal take buƙata. Masu kutsen kuwa sun fita da bayanai bayan sun taka rumbuna 48 da babu abin da ya haɗa su da ƙorafi. Tsakanin uku da 51 ba kafar Struts ce ta yi aiki ba. Asusun shiga rumbu ne, da kalmomin sirrinsu, da irin ikon da aka ba su.

Abin da suka tarar a ciki

Da suka samu shiga sabar ACIS, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, masu kutsen sun dasa ƙananan manhajoji kusan 30 da ke ba su damar aika umarni daga nesa, kamar ƙofofin baya, ta yadda ko an toshe ɗaya akwai sauran. Daga nan suka fara leƙe-leƙe. A cikin wata ma'ajiyar fayiloli da sabar ke iya kaiwa gare ta, suka ci karo da fayil mai ɗauke da sunayen asusu da kalmomin sirri a rubuce ƙarara, ba a kulle su da komai ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, FTC, ta faɗa a ƙarar da ta shigar cewa har da na masu kula da tsarin a ciki. Kuma ba a yi wani shinge tsakanin sabar ƙorafi da sauran rumbunan kamfanin ba. Duk rumbun da suka nufa, hanya a buɗe take, makulli kuma yana hannunsu.

Sun aika tambayoyi kusan 9,000 ga rumbunan. Rumbu yana jera bayanai ne a teburori masu ginshiƙai da layuka, don haka da farko tambayoyin na neman sanin gida ne: wane teburi ke nan, ginshiƙai nawa gare shi, layi nawa ke ciki. Sau 265 tambayar ta dawo musu da bayanan mutane a fili. Sai su tara sakamakon a fayil, su matse shi, su yanka shi ƙanana, su fitar da shi kaɗan-kaɗan ta hanyar da ke kulle, wadda na'urar sa ido ta makance a kanta.

A nan ya kamata a tsaya a fahimci abu ɗaya. A wajen rumbun bayanan, babu wani kutse da ya faru. Wani ya zo da sunan asusu na gaskiya da kalmar sirri ta gaskiya, ya yi tambayar da asusun ke da izinin yi, rumbun ya amsa. Abin da aka gina shi ya yi ke nan. Rumbu bai san fuska ba, bai san niyya ba. Asusu ya sani, da jerin abin da aka yarda asusun ya yi.

Yadda rumbu ke tantance mai shiga

Rumbun bayanai mai teburori masu alaƙa, irin su Oracle, PostgreSQL, MySQL da SQL Server, yana yi wa duk mai zuwa tambaya biyu. Ta farko: wane ne kai? Ana amsa ta da sunan asusu da kalmar sirri ko wata shaida. Ta biyu: me aka yarda ka yi? Wannan kuma tana rubuce a cikin rumbun kansa, kuma ana duba ta a kan kowane umarni. Izini iri-iri ne. SELECT na karantawa ne, INSERT na ƙara sabon layi, UPDATE na canza abin da ke nan, DELETE na gogewa, EXECUTE na gudanar da wani aiki da aka riga aka rubuta aka ajiye. Da umarnin GRANT ake bayarwa, da REVOKE ake karɓewa.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Patricia Griffiths da Bradford Wade na kamfanin IBM sun bayyana shi a 1976, lokacin da ake gina System R, rumbun gwaji da SQL, harshen da ake ba rumbu umarni da shi, ya fito daga cikinsa. Shekara ɗaya kafin nan, a 1975, Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun rubuta ƙa'idar da har yau ake koyarwa a kowane ajin tsaron kwamfuta: kowace manhaja da kowane mai amfani su yi aiki da mafi ƙarancin ikon da aikin ke buƙata. Wato ƙa'idar da kayan aikinta duk a zamani ɗaya da ACIS suka fito. Shekara arba'in suna nan kafin a shiga Equifax.

Asusun rumbu kuma kashi biyu ne, kuma mutane sukan manta da na biyun. Akwai na mutane: mai kula da rumbu, mai nazarin bayanai, mai rubuta manhaja. Akwai kuma asusun manhaja, wanda ba mutum ke riƙe da shi ba. Manhajar ce ke shiga da shi dare da rana. Asusun mutum yana da mai shi, wanda zai iya lura an taɓa masa abu, kuma in ya bar aiki ana iya tunawa a rufe. Asusun manhaja ba ya zuwa hutu, ba ya barin aiki, ba ya ƙorafi. Kalmar sirrinsa dole a ajiye ta wani wuri da manhajar za ta karanta, kuma sau da yawa wurin fayil ne a kan sabar. Canza ta yana nufin a taɓa duk manhajar da ke amfani da ita, don haka sai a bar ta shekaru. Duk wanda ya mallaki sabar ya mallaki duk abin da sabar ke iya karantawa.

A sake lissafin da wasu makullai

Bari mu ɗauka an yi sakacin facin kamar yadda aka yi, masu kutse sun shiga ranar 13 ga Mayu, amma an tsara asusun yadda ya kamata. Sunayen teburi da na asusu da ke ƙasa ni na ƙirƙira su, na misali.

Manhajar ƙorafi tana buƙatar ta nuna wa mutum inda ƙorafinsa ya tsaya. A PostgreSQL za a iya rubuta:

CREATE ROLE karanta_korafi;
GRANT SELECT (lambar_korafi, ranar_shiga, mataki) ON korafi TO karanta_korafi;
GRANT karanta_korafi TO manhajar_korafi;

Layi na biyu shi ne zuciyar abin. Izinin karantawa ne kawai, a kan teburi ɗaya, kuma a kan ginshiƙai uku cikinsa. Idan teburin yana da ginshiƙin lambar shaidar ɗan ƙasa, wannan asusu ba zai gan shi ba. Ya tambaya, rumbu ya ce ba izini, kuma idan an kunna rajista, a rubuta cewa asusu kaza ya nemi abin da ba nasa ba a lokaci kaza. Manhajar da ke aikinta na yau da kullum ba ta taɓa jawo irin wannan ƙin amsa, tunda tambayoyinta sanannu ne, masu rubuta ta ne suka tsara su. Ƙin amsa goma a jere daga asusun manhaja ƙararrawa ce mai ƙarfi.

Ana iya matsewa fiye da haka. Manhajar ƙorafi, mutum ɗaya take yi wa aiki a lokaci guda. Babu dalilin da zai sa ta iya cewa a ba ta dukan teburin. Sai a hana ta SELECT gaba ɗaya, a rubuta wani aiki a cikin rumbun wanda ke karɓar shaidar mutum ɗaya ya dawo da layinsa kaɗai, a ba manhajar izinin EXECUTE a kan aikin. Mai kutsen da ya ƙwace wannan asusu, sai dai ya riƙa tambaya ɗaya bayan ɗaya, kuma sai ya san wanda yake nema tukuna. Tattara mutum miliyan ɗari ta wannan hanya aiki ne da ba zai ɓoyu ba. PostgreSQL ma tun sigar 9.5 ta 2016 tana da tsarin taƙaita izini a kan layi-layi, Oracle kuwa ta riga ta da shekaru.

Sannan akwai tambayar daga ina asusu ke shigowa. A MySQL, asusu suna ne haɗe da wurin da yake fitowa:

CREATE USER 'manhajar_albashi'@'10.0.4.15' IDENTIFIED BY '...' WITH MAX_QUERIES_PER_HOUR 500;

Wannan asusu daga kwamfuta ɗaya tak zai iya shiga. A PostgreSQL fayil ɗin pg_hba.conf ke yin wannan aiki. Da rumbuna 48 ɗin nan an ɗaure asusunsu da sabar da suka dace, da fayil ɗin kalmomin sirrin da masu kutse suka tsinta bai amfane su da komai ba daga inda suke tsaye. Kalmar sirrin daidai ce, amma ta fito daga sabar ƙorafi, rumbu kuma bai san sabar ƙorafi ba. Dole su sake fasa wata sabar kafin su ci gaba, kuma kowane fashi wata dama ce ta a kama su. Wannan shi ne gyaran da na fi ganin arharsa, kuma shi aka fi watsarwa. A MySQL, in aka sa alamar % a madadin adireshi, an ce asusun ya shigo daga ko'ina, kuma haka ake yi a wurare da yawa don a huta da matsala.

Ƙarshen layin MySQL ɗin can yana iyakance yawan tambayoyi a awa. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka, GAO, a rahotonsa na 2018, ya ambaci wannan kai tsaye: rashin iyaka kan yawan tambayoyi shi ya bar masu kutse suka yi kusan 9,000, adadin da ya wuce abin da aiki na yau da kullum ke buƙata. Gaskiya tambaya 9,000 a kwana 76 ba ta kai 120 a rana ba, kuma manhaja mai jama'a tana iya yin fiye da haka a minti guda, don haka iyakar adadi kaɗai ba lallai ta kama su ba. Abin da zai kama su shi ne kallon irin tambayar da girman amsar. Asusun da kullum layi ɗaya yake karɓa, yau ya karɓi dubbai. Asusun da bai taɓa tambayar jerin teburori ba, yau yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Ba na cewa da an yi duk wannan da ba a yi asara ba. Abin da ke cikin rumbuna ukun da ACIS ke taɓawa yana cikin haɗari tun ranar da aka fasa ta, kuma an ɗauki takardun ƙorafi na mutum kusan 182,000. Wannan ma babbar ɓarna ce ga waɗanda ta shafa. Amma tazarar da ke tsakanin dubu ɗari da wani abu da kusan rabin al'ummar Amurka, tsarin izini ne ya kamata ya riƙe ta.

Me ya sa ake barin iko ya yi yawa

Abu ne mai sauƙi a ce ma'aikatan sakarkaru ne. Ban yarda da haka ba, kuma faɗin haka ba ya koya wa kowa komai. Duk wanda ya taɓa kula da rumbu ya san yadda iko ke taruwa. An sa sabuwar manhaja da tsakar dare, ta tsaya da saƙon cewa ba ta da izini, manaja yana kan waya. Neman ainihin izinin da ya ɓace zai ci awa guda, GRANT ALL kuwa daƙiƙa biyar. Sai a rubuta shi da niyyar gyarawa da safe. Da safe manhaja tana aiki, kowa ya yi shiru, wani aikin ya taso. Bayarwa tana da mai roƙo a tsaye a kanka. Karɓewa ba ta da kowa, kuma in ka karɓe wani abu ya lalace, sunanka ne a kan umarnin. Don haka iko gaba kawai yake yi.

A tsohon tsari abin ya fi muni. Kwamitin majalisa ya nuna cewa kamfanin ba shi da cikakken lissafin manhajojin da ke kan kwamfutocinsa, wanda shi ne ma dalilin da ya sa ba a san ACIS na ɗauke da Struts mai kafa ba. Wanda bai san abin da ke gidansa ba, ba zai iya cewa wane asusu ke buƙatar wane teburi ba. Ga kuma girma na gaggawa: a zamanin Smith, wanda ya karɓi shugabanci a 2005, Equifax ya sayi kamfanoni 18. Kowanne ya zo da rumbunansa da asusunsa da al'adunsa, kuma hanya mafi sauri ta haɗa su ita ce a buɗe tsakaninsu a raba kalmomin sirri.

Su kansu masu ƙera rumbunan sun daɗe suna taimaka wa wannan ɗabi'a. Shekaru da yawa Oracle tana zuwa da asusun gwaji mai suna scott da kalmar sirri tiger, wanda kowa ya sani. Tsofaffin sigogin SQL Server suna barin babban asusu mai suna sa ba tare da kalmar sirri ba, har a 2002 aka samu wata muguwar manhaja mai suna Spida da ke yaɗuwa ta wannan kafa kawai. A PostgreSQL, sai a siga ta 15, a 2022, aka daina barin kowane asusu ya ƙirƙiri teburi a sashen public kai tsaye. MySQL kuwa ba ta samu tsarin matsayi ba sai a siga ta 8.0, a 2018, ko da yake yana cikin ƙa'idar SQL tun 1999.

Tsarin matsayin nan, wanda ake ƙirƙira da CREATE ROLE, shi ne maganin da ya fi dacewa da matsalar taruwar iko. Maimakon a ba kowane asusu izini ɗaya-ɗaya, sai a tara izinin a ƙarƙashin sunan aiki, kamar mai karanta ƙorafi ko mai shigar da biya, a ɗora wa asusu matsayin. In mutum ya canza sashe, a cire tsohon matsayi a ba shi sabo. Mai bincike kuma zai iya karanta matsayi ashirin ya gane su, abin da ba zai iya yi da izini dubu goma a warwatse ba. Amma matsayi ma yana kumbura idan ba mai dubawa. Akwai kuma WITH GRANT OPTION, wanda ke ba asusu damar miƙa izininsa ga wani, shi ma wanin ya miƙa gaba. Bayan shekara biyar, sai a ga teburin albashi yana da masu karatu talatin kuma babu wanda ya tuna ya ba su. Hanya ɗaya ce ta sanin gaskiya: a zauna lokaci-lokaci a fitar da jerin izinin daga cikin rumbun kansa, a kai wa shugaban kowane sashe ya sa hannu a kan kowane suna, wanda ba a samu mai tsaya masa ba a rufe shi. Aiki ne mai gundura, ba a yaba wa mai yin sa, kuma ban san abin da ke maye gurbinsa ba.

Batun fayil ɗin kalmomin sirri shi ma yana da mafita tun kafin 2017. Akwai manhajojin ajiyar sirri, irin su Vault na kamfanin HashiCorp da ya fito a 2015, waɗanda ke ƙirƙirar wa manhaja asusun rumbu na ɗan lokaci, ya mutu da kansa bayan awa ɗaya ko yini. Ko babu wannan, PostgreSQL tana da VALID UNTIL da ke sa wa kalmar sirri ranar ƙarewa. Mafi ƙaranci dai shi ne kowace sabar ta riƙe sirrinta ita kaɗai. Tara na rumbuna da yawa wuri ɗaya da sabar da ke fuskantar intanet za ta iya karantawa, daidai yake da a rataye makullan dukan ɗakunan gida a ƙusa guda a cikin zaure.

Wani abu da ya fito kwanaki kaɗan bayan sanarwar kutsen ya nuna cewa matsalar ba ta fayil ɗaya ba ce. A Satumban 2017 ɗan jarida Brian Krebs ya ba da rahoton cewa wani shafin ma'aikatan Equifax a ƙasar Ajantina ana shigarsa da suna admin da kalmar sirri admin, kuma a bayansa akwai dubban ƙorafe-ƙorafen jama'a da lambobin shaidarsu. Wannan bai da alaƙa da kutsen Amurka, kuma kamfanin ya rufe shafin da aka sanar da shi. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Abin da ya biyo baya

Equifax ya kira masu binciken Mandiant, wani kamfanin tsaron kwamfuta, ya kuma sanar da FBI ranar 2 ga Agusta, amma jama'a ba su ji ba sai 7 ga Satumba. A lokacin an ce mutum miliyan 143 ne. A Oktoba adadin ya koma miliyan 145.5, a Maris 2018 aka ƙara miliyan 2.4. Shugaban sashen fasaha da shugabar sashen tsaro sun ajiye aiki ranar 15 ga Satumba, Smith ya bi su ranar 26. Rahoton kwamitin majalisar wakilai na Disamban 2018 ya ce abu ne da za a iya kauce masa gaba ɗaya. A Yulin 2019 Equifax ya amince ya biya aƙalla dala miliyan 575, wanda zai iya kaiwa miliyan 700, a sulhu da FTC da hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi da kuma jihohi.

A Fabrairun 2020 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi jami'an sojan Sin huɗu da aikata kutsen. Takardar tuhumar ta ce sun bi da zirga-zirgarsu ta sabar kusan 34 a ƙasashe kusan 20, suna kuma goge rajistar ayyukansu kullum don ɓatar da sawu. Gwamnatin Sin ta musanta. Ko ma wane ne ya yi, ƙwarewarsu ta fi bayyana wajen ɓoye kansu. Wajen shiga rumbunan ba su buƙaci wata dabara ba, tunda sunan asusu da kalmar sirri suka rubuta.

Ɓarnar ta tsallaka teku. Reshen Equifax na Birtaniya yana aika bayanan mutanensa zuwa sabar uwar kamfanin a Amurka don a sarrafa su, kuma suna can lokacin da aka shiga. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci reshen tarar fam 500,000 a 2018, iyakar abin da tsohuwar doka ta yarda. A Oktoban 2023 hukumar kula da harkokin kuɗi ta ƙasar, FCA, ta ƙara masa tarar sama da fam miliyan 11, ta ce mutum miliyan 13.8 na Birtaniya abin ya shafa. Ta kuma ce reshen bai san an taɓa bayanan mutanensa ba sai bayan mako shida da gano kutsen, kimanin minti biyar kafin uwar kamfanin ta sanar wa duniya.